Yawon jirgin ruwa da yamma: sana'ar da Zongon Lome bai kamata ya raina ba

Manyan biranen da Allah ya hore wa ruwa mai kwanciya sun daɗe da gane cewa faɗuwar rana ma haja ce. A Faris, kamfanin Bateaux Mouches yana zagayawa da baƙi a kogin Seine tun 1949. A Alƙahira jirage masu fitilu kala-kala suna kai da komo a kogin Nilu bayan magariba, ana cin abinci, ana kallon mai rawar tanura yana juyi. A Dubai tsofaffin jiragen katako na fatauci ne aka mayar gidajen abinci masu yawo. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina: mutum ya yanki tikiti, a tashi da shi na awa biyu ko uku, a ba shi abin sha, a sa kiɗa, mai son rawa ya taka, a dawo da shi inda aka ɗauke shi. Jirgin ba ya zuwa ko'ina, kuma fasinja ya san haka tun kafin ya biya. Abin da yake saye iska ce, da kallon gari daga kan ruwa, da nisantar hayaniya na ɗan lokaci.

Idan aka kawo wannan zance a majalisar dattawa a Zongon Lome, amsar ba ta da wuyar hasashe: harkar giya ce da cuɗanyar maza da mata, ba ruwan Musulmi da ita. Amsar tana da tushe, amma ta yi gaggawa. A ganina giya da rawa ado ne da wasu masu jirage suka ɗora wa sana'ar, ana iya sauke su sana'ar ta tsaya da ƙafarta. Abin da ba a iya saukewa shi ne haɗarin ruwa, kuma a kansa ya kamata a fi tsananta bincike, ko jirgin na masu shan giya ne ko na masu shan zoɓo.

Sai dai a fara da tambayar da ƙasa ta riga ta amsa: me ya sa Lome, babban birnin Togo da ke zaune a bakin teku, bai yi suna da irin wannan yawo ba? Dalilin igiyar ruwa ce. Gaɓar Togo miƙaƙƙiya ce, yashi zalla, babu lungun da ƙaramin jirgi zai fake, kuma tekun yana dukan gaɓar da ƙarfin da ke kifar da kwale-kwalen masunta ƙwararru. Saboda haka ne Jamusawa, bayan sun mai da Lome hedikwatarsu a 1897, suka gina gadar ƙarfe mai shiga cikin teku a 1904 don sauke kaya, ruwa ya karya ta a 1911. Faransawa suka gina tasu a 1928, wadda gawarta ke tsaye har yau. Tashar jiragen ruwa ta zamani sai a 1968 aka buɗe ta, kuma wuri ne na kwantena da manyan jirage, ba na shaƙatawa ba. Tafkunan da suka ratsa tsakiyar birnin ta wajen unguwar Be kuwa, nan ruwan sama da dattin kwatoci ke taruwa. Shi ya sa nishaɗin yamma a Lome ya tsaya a kan yashi: ran Lahadi bakin teku ya cika da iyalai, da 'yan ƙwallo, da rumfunan shaye-shaye masu kiɗa.

Ruwan da ya dace da yawo yana gabas, kimanin kilomita 30 daga birni a kan hanyar Aneho. Tafkin Togo ne, marar zurfi, wanda siririn tudun yashi ya raba shi da teku. A gaɓarsa ta kudu akwai Agbodrafo, inda ake kai baƙi su ga gidan da aka riƙa ɓoye bayi a ƙarƙashin daɓensa a ƙarni na 19. A tsallake akwai Togoville, garin da ƙasar ta samo sunanta daga gare shi, wanda da sunan sarkinsa Mlapa aka ƙulla yarjejeniya da Bajamushe Gustav Nachtigal a watan Yulin 1884. Fafaroma John Paul na biyu ya ziyarci garin a 1985. Masu kwale-kwale suna ƙetarar da mutane tsakanin garuruwan biyu kullum, sau da yawa da gora suke tunkuɗa jirgin saboda ƙasa a kusa take, kuma akwai otal-otal a bakin ruwan. Ke nan akwai ruwa, akwai tarihi, akwai matuƙa. Abin da ba a gina ba shi ne yawon da magidanci daga Zongo zai kai iyalinsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Ko Zongo yana da abin da zai kawo? Yana da shi, kuma tsohon jari ne. Fataken goro da dillalan shanu ne suka kafa unguwar, Hausawa a gaba, tare da Zabarmawa, Fulani, Yarabawa da Kotokoli. A 1977 gwamnatin Eyadema ta rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar birni, aka kwashe mutanensa zuwa Agoe, wajen kilomita 15 arewa. Masanin zamantakewa Michel Agier, wanda ya wallafa littafi a kan 'yan kasuwar unguwar a 1983, ya nuna cewa ginshiƙin cinikinsu shi ne tsarin mai gida: mutumin da ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa a kan bashi. Wannan fa sana'ar karɓar baƙi ce tun kafin a san otal. Baƙin kuma ba su daina zuwa ba, domin tashar Lome ƙofa ce ga Nijar, Burkina Faso da Mali, kuma babbar hanyar arewa da manyan motoci ke bi ta gefen Zongo take wucewa. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya zo fitar da kaya yakan yi kwanaki yana jiran takardu. Ƙara masa da 'yan biki, da ɗaliban Islamiyya ranar saukar karatu, da dubban matasan da ke neman wurin zuwa a yawon sallah. Waɗannan duka masu saye ne da babu wanda ya yi musu tanadi. Wani abin lura: kogin Zio, wanda ke ambaliya a wajen Togblekope da Agoe-Zongo idan damina ta yi ƙarfi, cikin Tafkin Togo yake zuba.

Malamai za su ce, to addini fa? A nan dole a bambance. Giya babu saɓani a kanta, haramun ce, kuma haramcin ya haɗa da mai sayarwa da mai ɗauko ta, don haka Musulmin da zai sa kuɗinsa a jirgi ba shi da zaɓi. Kiɗa kuwa malamai sun daɗe suna saɓani a kansa, kuma Zongo kansa bai taɓa rabuwa da kalangu a biki ko bege a Mauludi ba. Cuɗanya ana maganinta da tsari: jirgin iyali, ko ranar mata zalla, kamar yadda ake yin kamu da wuni a gidan biki. Shi kansa hawa ruwa don kallon halittar Allah babu wanda ya haramta shi. A Alƙahira, ran sallah iyalai Musulmi ne ke cika ƙananan jiragen Nilu, da kiɗansu da lemonsu. Wanda ya ce a ƙaurace wa tafki saboda wasu na shan giya a kansa, sai ya ce a ƙaurace wa kasuwa ma.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi na masu lissafi ne. Suna cewa a irin wannan harka tikiti mai da albashi kawai yake biya, riba a kwalba take. Gaskiya ne giya tana da riba mai kauri, kuma jirgin da ba ya sayar da ita sai ya nemi mafita. Amma mafitar a hannun Zongo take, domin gashin nama sana'arsa ce da duk Lome ta sallama masa. Tsire, balangu, kilishi, gasasshen kifin tafki, kunun aya, zoɓo, fura da nono, shayi mai kumfa: waɗannan kaya ne da mai jirgi zai samu a farashin gida. Sannan mashayi shi kaɗai yake zuwa ko da abokinsa, magidanci kuwa da mutum takwas. Ba na cewa ribar za ta kai ta mai giya. Ina cewa za ta iya riƙe jirgi, kuma jirgin da babu maye a cikinsa ya rage wa kansa faɗa da faɗawa ruwa.

Akwai kuma masu cewa Bahaushe mutumin tudu ne. Sarkawan Kebbi, da bikin kamun kifi na Argungu, da Rigatar Yawuri sun isa amsa. Duk da haka Tafkin Togo yana da masu shi. Mutanen garuruwan gaɓarsa ne suka san inda ƙasa take da inda iska ke juyawa, suna da wuraren kamun kifinsu da wuraren da suke girmamawa a addininsu na gargajiya. Ɗan Zongo da ya je da kuɗi yana neman ture su zai sayi rigima. Ya kawo jari da abinci da baƙi, su riƙe tuƙi, a yi rabo a rubuce da sanin sarakunan wurin.

Yanzu ga inda maganar take da zafi. A watan Mayun 2011 guguwa ta kifar da kwale-kwale a wannan tafki, mutum 36 suka rasu, suna dawowa daga jana'iza. Ruwa marar zurfi ne ya ci su, kuma ba yawon holewa suka je ba. A watan Nuwamban 2021 jirgi ya nutse a Bagwai ta jihar Kano da yara 'yan Islamiyya masu tafiya Mauludi. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a Patigi ta jihar Kwara, suna komawa gida da dare daga ɗaurin aure. Ko ɗaya daga waɗannan jirage ba na holewa ba ne. Abin da ake ta samu a irin waɗannan haɗurra shi ne lodi fiye da kima, da rashin rigar kariya, da duhu ko hadari. Jiragen holewa na ƙasashe masu arziki ma ba su tsira ba. A Landan, ran 20 ga Agustan 1989, wani jirgin yashe ya banke jirgin yawo mai suna Marchioness a kogin Thames cikin dare ana tsakiyar liyafa, mutum 51 suka mutu. A Baharen, a watan Maris na 2006, jirgin katako Al Dana da aka mayar gidan abinci ya kife da 'yan walima, 58 suka rasu, bincike ya nuna jirgin ba shi da daidaito a kan ruwa.

Jirgin nishaɗi yana da haɗarin da jirgin sufuri ba shi da shi. Fasinjan sufuri a zaune yake, ɗan yawo kuwa a tsaye, yana rawa, yana ɗaukar hoto. Da an ce ga abin kallo, kowa ya ruga gefe ɗaya, nauyi ya karkata. Kiɗa yana hana matuƙi jin ihu ko ƙarar injin wani jirgin, fitilun ado suna kashe masa ido. Ƙara bene a kan jirgin da ba a ƙera shi don haka ba yana ɗaga nauyi sama, ƙaramar igiya ta ishe shi. Saboda haka ƙa'idojin ba su da yawa, amma ba a sassauta su: adadin mutane a rubuce a jikin jirgi kuma a ƙirga a bakin ruwa, rigar kariya ga kowa har da ƙananan na yara, a sa ta kafin a tashi, matuƙin da ke da ikon cewa yau ba za a fita ba, da wani jirgin a shirye a gaɓa. Babbar riga da hijabi idan sun jiƙe nauyi suke yi, balle ga wanda bai iya iyo ba. Faɗin “sai kwana ya ƙare” ba hujja ba ce ga wanda ya karɓi kuɗin mutane.

Lokaci ma yana cikin ƙa'ida, kuma a nan addini da tsaro suka haɗu. Lome tana kusa da tsakiyar duniya, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, duhu kuma ba ya jira. Jirgin da ya tashi bayan la'asar yana da awa biyu cur na sanyin yamma da jan gari, ya sauke mutane su yi magariba a tudu. A Nijeriya hukumar hanyoyin ruwa ta cikin gida ta hana tafiyar dare saboda yawan asarar rayuka. A lokacin manyan ruwan sama, daga Afrilu zuwa Yuli, hadari na iya tasowa cikin mintuna, don haka ranakun fita za su ragu, mai jari ya sa wannan a lissafinsa tun farko.

Wani zai ce unguwar da ke fama da ambaliya da rashin aikin yi ba ta da lokacin yawon tafki. Ai rashin aikin ne dalilin. Jirgi ɗaya yana ciyar da matuƙi, mai gashi, mai dafuwa, direban bas mai kawo mutane daga Agoe, da makaɗi.

Ga attajiran Zongo: ku fara da jirgi ɗaya mai faɗi, marar bene, da izinin hukuma, tare da masu kwale-kwalen Agbodrafo. Ga limamai da masu unguwa: idan an kawo muku maganar, ku tambayi abin da za a sha, sannan ku tambayi riguna nawa ne a cikin jirgin da kuma ƙarfe nawa zai dawo. Mai jirgin da ya kasa amsa waɗannan biyun na ƙarshe, kada a ba shi ɗan kowa.