Habaicin Alhaji Umaru a Zamanin Jamus

Mu Hausawan Cinkassé, Dapaong da Sokodé mun san habaici a bakin kishiya, amma kaɗan ne cikinmu suka san malamanmu sun yi wa Turawa shi a rubuce.

Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, ya bar Salaga bayan yaƙin 1892, ya zauna Kete-Krachi, wadda a lokacin take cikin Togo ta Jamus, yau kuwa tana Ghana. Can ya rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich labaran ƙasar Hausa. Amma a waƙoƙinsa na Larabci da Waƙar Nasara ta 1903, sai ya jera garuruwa da sarakunan da Turawa suka ci ɗaya bayan ɗaya, ya nuna yadda suka shigo da sunan ciniki. A ido, tarihi ne kawai. Almajiri kuwa ya san kuka ne.

Haka Francisco Balagtas ya yi a Filifin ƙarƙashin Sifaniya: ya kai labarin azzalumin mai mulki can Albaniya.

Alhaji Umaru ya rasu a 1934. Yaranmu suna haddace waƙoƙin Faransanci a makaranta, nasa kuwa ko sunansu ba su ji ba.