Tsohon Rediyon Mota Ma Zai Iya Karanta Mana Littafi Mai Tsarki

Duk wanda ya saba bin hanyar Ƙaraye zuwa Rogo, ko ya ratsa ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Challawa, ya san irin motocin da ke ɗaukar mutanenmu. Akwai Peugeot 504 irin waɗanda kamfanin Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya yi ta haɗawa. Akwai Golf, akwai ƙananan bas na Kwatano, akwai kuma a-kori-kura masu ɗaukar masara da rake. Kusan kowace ɗaya tana da rediyon da ta zo da shi daga kamfani, mai bakin kaset. Rediyon yana kama tasha, lasifikoki suna aiki, amma bakin kaset ya zama ma'ajin ƙura, domin kaset ya ɓace daga kasuwa.

A ɗaya gefen kuma, wayar hannun da ke aljihun direba tana iya ɗauke da Sabon Alkawari duka da muryar Hausa, da waƙoƙin Zumuntar Mata, da wa'azin babban taro. Sai dai muryar waya ba ta iya yin gasa da ƙarar inji da ta hanya. Abin da ya rage shi ne a haɗa su biyun, wayar da rediyon. Wannan aiki ne ƙarami, kuma bai kamata ya sa ikilisiya ko wani ɗan'uwa ya jefar da rediyo mai lafiya ba.

Dalilin da ya sa abin ya dame mu

An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bayan wahalar da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha, aka kuma fito da sabuwar fassara a 1979. Amma mun sani a ikilisiyoyinmu na karkara, daga ƙauyukan Ƙaraye har zuwa Bari inda 'yan Anglican suke da dayosis, akwai iyaye da kakanni da yawa waɗanda ba su sami shiga makaranta ba. Wasu sun iya karatu, amma ido ya gaji. Waɗannan ta kunne suke cin abincin ruhaniya. Manzo Bulus ma, a Romawa sura ta 10, ya nuna cewa ta wurin ji ne bangaskiya take shigowa.

Magabatanmu sun gane wannan tun da wuri. A 1939 wata baiwar Allah, Joy Ridderhof, ta kafa ƙungiyar Gospel Recordings a Amurka domin ɗaukar bishara a faifan garmaho cikin harsunan duniya. A 1954 gidan rediyon ELWA ya fara watsa shiri daga Laberiya. Daga 1963 zuwa 1977 kuma, dattawanmu sun saurari Muryar Bishara, wadda ake shirya wa shiri a Jos, ana watsawa daga Addis Ababa, har sojojin Habasha suka ƙwace tashar. A shekarar 1963 ɗin ce kamfanin Philips ya fito da kaset, wanda daga baya ya shiga kowane gida da kowace mota. To, zamanin kaset ya wuce. A Amurka, motar ƙarshe da ta fito da shi daga kamfani ita ce wata Lexus ta 2010. Amma bukatar ji tana nan yadda take.

Hanya ta farko: kaset mai igiya

Mafi sauƙin dabara ita ce wani abu mai siffar kaset, amma babu zare a cikinsa, sai wata igiya da ta fito daga gefensa mai kan da ake sokawa a ramin iyafis na waya. A cikinsa akwai ɗan ƙaramin kai wanda yake fuskantar kan da ke karanta kaset a cikin rediyo. Sauti yana fitowa daga waya, ya zama ƙarfin maganaɗisu, sai rediyon ya karanta shi kamar yadda yake karanta zaren kaset. Akwai kuma 'yan ƙafafu masu haƙora da ke juyawa a ciki, domin rediyon ya ɗauka kaset na gaskiya ne yake tafiya.

Ba a kwance kome, ba a yanke waya ko ɗaya. Amma sharaɗinsa shi ne injin kaset ɗin ya kasance yana juyawa. Idan bel ɗin roba na ciki ya tsinke ko ya saki, rediyon zai tofar da shi, ko ya dinga juya fuska ba fasawa. Ƙurar hunturu kuma tana dushe sauti, saboda haka kafin a yanke hukunci cewa abin bai yi ba, a goge kan rediyon da auduga da ɗan sifirit.

Hanya ta biyu: ƙaramar tashar FM

Wannan ita ce wadda direbobi suka fi sani, suna kiranta MP3 na mota. Ana soka ta a soket ɗin kunna taba, inda take shan wuta bolt 12 daga batir. Tana karɓar memori ko filas, wasu kuma suna haɗuwa da waya ta Bluetooth. Aikinta shi ne ta watsa sautin kamar gidan rediyo, amma iyakarta 'yan taku kaɗan. Sai a saita ta a kan wata lamba, a murɗa rediyon mota zuwa wannan lambar.

Abu biyu ne ya kamata a lura da su. Na ɗaya, a zaɓi lambar da babu tasha a kanta. Wanda ya sa tasa kusa da 99.5, inda Freedom Radio ta Kano take, zai ji muryoyi biyu suna kokawa. Lambar da ta yi tsit a Rogo tana iya cika da hayaniya idan an doshi birnin Kano, inda tashoshi suka yi yawa. Na biyu, zangon FM da muke amfani da shi a nan ya kama daga 87.5 zuwa 108, amma tsofaffin rediyoyin da aka ƙera domin kasuwar Japan daga 76 zuwa 90 suke tsayawa. Mai irin wannan rediyo ba shi da zaɓi sai tsakanin 87.5 da 90. Har ila yau, a wasu motoci soket ɗin ba ya mutuwa ko an zare makulli, don haka a riƙa cire na'urar da dare, musamman idan mota za ta kwana biyu ba a tashe ta ba.

Hanya ta uku: buɗe wa rediyon sabuwar ƙofa

Wannan ce ta fi ba da sauti mai tsabta, ita ce kuma ta fi jure gargadar hanyoyinmu, domin babu abin da ke juyawa, babu kuma tashar da za ta shiga tsakani. Masu gyara suna kiran wannan ƙofa oks. Mai gyaran rediyo zai ciro rediyon, ya buɗe shi, ya liƙa wayoyi uku da dalma: ɗaya ta sautin dama, ɗaya ta hagu, ɗaya kuma ta ƙasa. Sai ya fito da su zuwa wani ɗan soket mai faɗin milimita 3.5, irin na iyafis, ya ɗaura shi a gaban mota inda hannu zai kai.

Gwanintar tana wurin sanin inda za a liƙa. Sautin da kan kaset yake fitarwa ɗan mitsitsi ne ƙwarai, saboda haka akwai wani sashe na farko da ke ɗaga shi kafin ya isa wurin murɗa ƙara. Sautin waya kuwa ya riga ya yi ƙarfi. Idan aka shigar da shi kafin wancan sashe, abin da zai fito daga lasifika sai gurnani. Dole a shigar da shi bayan sashen, gab da wurin murɗa ƙara. Mai gyara na kirki zai sa kafasita a kan wayar dama da ta hagu domin kada wutar rediyon ta koma cikin waya, zai kuma sa irin soket ɗin da ke yanke sautin kaset da zarar an soka igiya. Wasu rediyoyin na shekarun 1990 zuwa farkon 2000 suna da wata kafa a baya wadda aka tanada domin akwatin faifan CD. Idan an dace da irin wannan, akan sami ɗan akwatin da ake sokawa a nan ba tare da an taɓa cikin rediyon ba.

Kafin a taɓa kome, a cire kan batir, domin waya ɗaya da ta taɓa ƙarfe tana iya ƙona fis ko abin da ya fi fis. Amma a fara tambaya ko rediyon yana da lambar sirri. Wasu rediyoyin kamfani, musamman na motocin Turai, idan wuta ta yanke musu sukan kulle har sai an danna lambarsu, kuma yawancin motocin Kwatano sun iso hannunmu ba tare da takardar lambar ba. A kuma bambanta tsakanin rewaya, wanda aikinsa wayoyin mota ne, da mai gyaran rediyo, wanda ya san cikin akwatin. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kayan aikin ana samunsu a Sabon Gari ta Kano da kasuwar waya ta Farm Centre, sai ɗan'uwa mai shiga birni ya sayo wa mutum uku ko huɗu gaba ɗaya.

Wani abin da kan tayar wa mutane hankali bayan an gama aiki shi ne wani siririn kuka da ke ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur. Ba rediyon ne ya lalace ba. Yakan faru ne idan ana cajin waya a mota alhali tana haɗe da rediyon, sai hayaniyar altaneta ta sami hanyar shiga. A cire caja, kukan zai ɗauke. Akwai kuma ɗan abin tace sauti da ake sawa a tsakiyar igiya domin wannan.

Abin da za a ji, da yadda za a ji shi

Ƙungiyar Faith Comes By Hearing tana da Sabon Alkawari da muryar Hausa a manhajarta ta Bible.is. Tun da intanet ba ya zama a ƙauyukanmu, gara a sauke shi a waya a gari kafin a kama hanya. Sabon Alkawari littattafai 27 ne, surori 260, kuma sauraronsa duka yakan ɗauki wajen awa 20. Direban da ke zirga-zirgar kasuwanni zai iya gama shi cikin 'yan makonni yana bakin aikinsa. Motar ikilisiya da ta ɗauki matasa ko Zumuntar Mata zuwa taro za ta iya jin surori da dama na Bisharar Markus kafin a sauka.

A Ayyukan Manzanni sura ta 8 mun ga wani babban ma'aikacin sarauniyar Habasha yana tafiya cikin karusarsa yana karanta annabi Ishaya, amma bai fahimta ba sai da Filibus ya hau ya zauna kusa da shi. Wannan darasi ne a gare mu masu koyarwa. Lasifika ba ta amsa tambaya. Idan an ji sura ɗaya, a dakatar, a bar mutane su faɗi abin da suka ji, fasto ko katikis ko dattijon da ke cikin motar ya yi bayani. Sura ɗaya da aka tattauna ta fi goma da suka wuce ana gyangyaɗi.

Bugu da ƙari, mu tuna inda muke zaune. Yawancin maƙwabtanmu a Ƙaraye da Rogo Musulmi ne, tare muke cin kasuwa, tare muke shiga mota. Direban haya Kirista ya sani fasinja kuɗinsa ya biya, bai kamata a cika masa kunne da abin da bai nema ba. A rage murya, a kashe idan an zo kusa da masallaci lokacin salla, a kuma guji kunna wa'azin da ke zagin addinin wani. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Haka kuma, dokar hanya ta hana direba latsa waya yana tuƙi. A zaɓi abin da za a ji kafin a tashi, ko a miƙa wayar ga wanda ke zaune a gaba.

Daga ƙarshe, muna roƙon dattawan ikilisiya su bincika akwatunansu. Akwai kaset-kaset na ƙungiyoyin mawaƙa da wa'azin masu bishara na farko a wannan yanki, waɗanda yawancinsu sun riga mu zuwa wurin Ubangiji, kuma zafi da laima suna cin zaren a hankali. Irin igiyar nan da ke kai sauti daga waya zuwa rediyo, ita ce ke iya kai shi daga rikoda zuwa kwamfuta. Kwamitin matasa na kowace ikilisiya ya ɗauki wannan aiki tun akwai sauran rikoda mai lafiya a gari, a juye su a memori, a raba wa direbobinmu da iyayenmu. Ubangiji ya ba mu kunnen ji, ya kuma kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.