Riba sai an dawo gida

Shirin wannan mako ya duba abubuwan da ƙananan 'yan kasuwar Tamanrasset ke cewa da ma sun sani tun ranar da suka fara.

Na farko, canji. Ka sayar da raguna da dinar, amma a Arlit ko Agadez sefa za ka kashe. Farashin banki daban, na kasuwa daban. Wanda bai yi wannan lissafi ba, ribarsa a hannun ɗan canji take ƙarewa. Shi ya sa tsofaffin hannu suka fi son musaya: dabba ta shiga, dabino ya fito.

Na biyu, hanya. Daga Tamanrasset zuwa In Guezzam kusan kilomita 400 ne, kafin ka tsallaka Assamaka. Kuɗin mota, ruwa, abincin dabbobi, takardun duwan da na likitan dabbobi, duk cikin jarinka za su fita.

Na uku, kada ka zuba jarinka duka a lodi ɗaya, ko da lokacin kasuwar Assihar ne. Iyaka takan rufe farat ɗaya, kamar yadda aka gani a 2020 lokacin korona. Wanda ya bar wani abu a gida, shi ke sake tashi.