Mustafa Alasan, Makanikin Da Ya Sa Kwaɗi Tafiya A Majigi

A garin Tawa ta ƙasar Adar, cikin Jamhuriyar Nijar, an yi wani dattijo mai gidan saukar baƙi. A gidan nan ya ware wuri inda yake zane da ƙera 'yan tsana, yana ɗaukarsu hoto ɗaya bayan ɗaya har su tashi su yi tafiya a allon majigi. Sunansa Mustafa Alasan, masu rubutu da Faransanci kuwa suna rubuta Moustapha Alassane. Masana silima suna lissafa shi cikin na farko da suka yi fim na zane mai motsi a Afirka ta Yamma. Abin mamaki, an fi sanin sunansa a Faris da a Kano, ga shi kuwa tsakanin Tawa da Sakkwato tafiyar yini ɗaya ce a mota.

An haife shi a 1942 a N'Dounga, kusa da Yamai, a bakin Kwara. Sana'ar da ya fara koya ita ce makanikanci. Tun yana yaro yake yanka surorin dabbobi da kwali, da dare ya kunna fitila ya jefa inuwarsu, yara su taru suna kallo. Daga nan ya sadu da Jean Rouch, wani Bafaranshe da ya zo Nijar a 1941 don aikin hanya, daga baya ya koma ɗaukar fim. Shi ya buɗe masa ƙofa, har ya je Kanada wajen Norman McLaren, gwanin da ya shahara da yin zane a kan leɓen fim kansa, ba tare da kyamara ba.

To, mai karatu zai so ya san yadda zane ke motsi, alhali tawada ce a kan takarda. Asirin yana ga idon ɗan Adam. Na'urar majigi tana nuna hoto 24 cikin sakan guda, kowane hoto a tsaye yake cik, amma saboda saurin wucewarsu ido ba ya iya rabe su, sai ya ga kamar abu guda ne ke tafiya. Mai ɗaukar mutane ba shi da wahala a nan, kyamara ce ke tsinko hotunan da kanta. Mai zane kuwa ala tilas ya samar da su da hannunsa. In yana so kwaɗo ya ɗaga hannu ya yi gaisuwa, sai ya zana shi hannu a ƙasa, ya ɗora wata takarda a bisa ta farko, da haske daga ƙarƙashi don ya ga layin da ya riga ya ja, ya sake zana shi hannun ya ɗan tashi kamar faɗin ƙwayar gero, haka haka har hannun ya kai goshi. Sa'an nan a kafe kyamara a sama tana duban tebur, a ajiye zane, a danna sau ɗaya, a ɗauke, a ajiye na biye.

Ga lissafin. Fim na minti 5 sakan 300 ke nan, watau hoto 7,200. Masu wannan sana'a sukan rage wa kansu wuya su ɗauki kowane zane sau biyu, amma duk da haka zane 3,600 ne. Wanda ya taɓa zama ya rubuce littafi da alƙalamin kara, shafi bayan shafi, yana kiyaye kada baƙi ɗaya ya fi ɗan'uwansa girma, shi zai fi kowa gane irin wannan zama. Sai dai marubuci yana ganin kuskurensa nan take ya kankare. Mai fim a Yamai a wancan zamani ba haka ba ne. Babu inda ake wanke fim a ƙasar, sai a naɗe shi a aika Faransa, a jira. In hasken fitila ya sauya a tsakiyar aiki, ko wani ya tuntuɓe ƙafar kyamara, ba za a sani ba sai fim ya komo, a lokacin kuwa sai dai a sake daga fari.

Ya fitar da La Mort de Gandji, watau mutuwar Ganji, labarin fadar wani sarkin kwaɗi, wanda ya sami lambar yabo a babban bikin fasahar baƙar fata da aka yi a Dakar a 1966. A shekarar nan kuma ya yi Bon Voyage Sim, watau a sauka lafiya Sim. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne, aka gayyace shi ziyara wata ƙasa, ya hau jirgin sama, aka tarbe shi da faretin soja da dukan ɗawainiyar da ake yi wa manya. Zanen baƙi ne a kan fari, ba ado, tsawonsa kamar minti 5. Shekara 6 ke nan da samun mulkin kai, sababbin shugabanni suna ta kai wa juna ziyara da kuɗin talakawa, kowa ya kalli fim ɗin ya san inda aka dosa. Dabarar tsohuwa ce, ita ce ta masu tatsuniya: abin da ba ya faɗuwa a gaban sarki, sai a sa shi a bakin Gizo.

Bai tsaya ga zane kaɗai ba. A 1966 ɗin ya ɗauki mutane a Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya komo daga Amurka da akwati cike da tufafin kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka dami ƙauyensu. Daga baya ya yi Toula, a kan fari da ƙishirwa, daga labarin da Bubu Hama ya rubuta, a daidai shekarun da fari ya ci dabbobin Sahel.

Inda makanikancinsa ya fi fitowa shi ne wajen 'yan tsana. Irin wannan 'yar tsana akan sa mata waya a ciki maimakon ƙashi, don in an lanƙwasa gwiwa ta tsaya inda aka bar ta. A motsa ta kaɗan, a janye hannu, a ɗauki hoto, a sake motsa ta. Da su ya yi Samba le grand a 1977, sa'an nan Kokoa a 2001, sunan da Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa. Kokawa ce sosai a fage, da 'yan kallo, amma 'yan kokawar kwaɗi ne da hawainiya da tsuntsu, alƙalin wasa kuwa ƙaguwa. A Tawa ɗin nan aka fara gasar kokawa ta ƙasa a 1975, wadda ake ba zakaranta takobi, saboda haka bai je nesa neman abin koyi ba. Kokawa kuwa tana da wuyar ɗauka ta wannan hanya, gama jiki biyu ne a sarƙe, in an taɓa ɗaya ɗayan ya goce.

Da kwamfuta ta zo, dattijon bai ƙi ta ba, ya zauna ya koyi zane da ita da furfurarsa. Abin da ta sauƙaƙa a fili yake: babu sayen fim, babu aikawa Faris, mutum ya zana yanzu ya ga motsin yanzu, launi kuma ba ya ƙarewa. Amma ba ta san yadda kwaɗo ke tsugunawa kafin ya yi tsalle ba, ba ta kuma san hoto nawa za a bar shugaba tsaye yana hura hanci kafin 'yan kallo su fashe da dariya ba. Wannan sai wanda ya zana dubbai ya ga inda ya kuskure. Samarin Kano da Maraɗi da ke haɗa hotuna a waya yau sun fi shi kayan aiki nesa ba kusa ba, kaɗan ne cikinsu suka taɓa ganin fim ɗinsa ko ɗaya.

Ya rasu a Wagadugu ran 17 ga Maris, 2015, Allah ya jiƙansa. Bayan shekara 2, a 2017, gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York ya tara finafinansa ya nuna su a jere, har da na Sim shugaban kwaɗi.