Sirrin da ke cikin saiwar wake

Yau hirarmu a kan harawa ce, wadda kike zuba wa tumaki da awaki a tsakar gida.

Me ya sa tunkiya mai cin harawa ta fi mai cin karan dawa ƙiba da nono? Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. In damina ta yi nisa, ki roƙi maigida ya tono miki gindin wake ɗaya da saiwarsa, kada ya fizge. Ki ɗauraye a kwano, za ki ga 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa manne da saiwar. Wasu kan ɗauka cuta ce. A'a, ɗakuna ne na wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masana na kiransu Rizobiyum. A 1888 wani masani ɗan ƙasar Holan, Beijerinck, ya fara ware su daga saiwa.

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa sinadarin naitirojin ne, shi ne dai amfanin da ke cikin takin yuriya mai tsadar nan. Amma shuka ba ta iya ɗibarsa daga iska. Waɗannan halittu ke kamo shi, su sarrafa, su miƙa wa wake, shi kuma ya biya su da sukarin da ganyensa ya haɗa. Cuɗe ni in cuɗe ki ke nan! Ki fasa ƙulli ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne, aiki ake yi, in fari ne ko kore, babu aiki. Gyaɗa da waken suya, har itacen gawo, duk suna da irin wannan ƙawance.

To, naitirojin ɗin nan shi ke zama abin gina jiki a ganye da ƙwaya. Sai dai fa, in aka ɗaure harawa aka kawo gida, galibin albarkar ta bar gona, ta dawo turkenki. Kaso mai yawa kuma yana fitowa a kashin dabbobi da fitsarinsu. Shi ya sa nake jin takaici in na ga an share turke an kai bola. Ki tara shi a inuwa, ki rufe kada rana da ruwa su cinye ƙarfinsa, bazara na yi maigida ya kwashe zuwa gona.