Abin da Ya Cinye Yaran Dareta da 'Yargalma

A watan Maris na 2010 wata tawagar ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga ƙauyukan Anka da Bukkuyum tana bin sawun sanƙarau, kasancewar bazara ce, lokacinsa ke nan. Sai suka tarar da abin da ba shi suka zo nema ba: sababbin ƙananan kaburbura jere a maƙabarta, iyaye mata kuma bakinsu ɗaya. Yaro ya fara amai, ciki ya murɗa, sai taune-taune, sai ya shiɗe, kwana kaɗan a ce ya cika.

An fara zargin zazzaɓin cizon sauro, aka ba da magani, mutuwa ba ta tsaya ba. An gwada maganin sanƙarau, shiru. Galibin masu mutuwar kuma ba su kai shekara biyar ba, alhali iyayensu na nan suna harkokinsu. Wace cuta ce ke bin mai rarrafe ta ƙyale mai tafiya? Daga baya ma aka tuna agwagin garuruwan sun riga yaran ƙarewa, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Bakin zaren ya fito ne da aka tambayi mutanen gari me ya sauya a rayuwarsu. Zinare. Farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a duniya, manoma suka koma ramuka, suna kwaso dutse a buhuna suna kawowa cikin gari. A niƙe shi da irin injin da ake niƙa hatsi, mata su daka wani a turmi, a shanya garin a tsakar gida, daidai inda yaro ke wasa yana kai hannu baki. Aka ɗebi jinin yara aka aika Jamus, sakamako ya dawo: gubar dalma. Ashe dutsen da ke ɗauke da zinaren cike yake da ita.

A watan Mayu masu bincike na hukumar CDC ta Amurka suka bi gida-gida a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Hanjin ƙaramin yaro ya fi na babba zuƙar dalma nesa ba kusa ba, ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta gama ginuwa ba, shi ya sa wasu da suka tsira suka tashi da makanta ko shanyewar gaɓoɓi.

Akwai magani, DMSA, mai kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari. Amma ina amfaninsa idan yaron zai koma kan ƙasar da ta kwantar da shi? Dole aka riƙa kankare ƙasar kowane gida ana binnewa a rami, a zubo sabuwa. Bagega, wadda ta fi sauran ƙauyukan da abin ya shafa girma, sai 2013 aka yi mata, don kuɗin gwamnatin tarayya sun makara. Wannan jiran bai da wani uzuri a wurina, ganin yara fiye da 400 ne annobar ta kashe.

A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Don haka 'yan'uwana masu haƙa, daga Anka har Gummi, ku bar dutsen a bakin rami, ku jiƙa shi kafin niƙa, ku yi wanka ku sauya tufafi kafin ku ɗauki yaro.