Ko ka sani? Na'urar MRI ruwan jikin mutum take saurare

A yankin Aliero, inda aka yi suna wajen ɗorin karaya, kusan kowa ya san hoton ƙashi. Sai dai ƙwaƙwalwa taushi gare ta, ga ta a rufe cikin ƙoƙon kai, wannan hoton ba ya fito da ita. Shi ya sa idan mutumin Jiga Birni ya daɗe da ciwon kai da farfaɗiya, likita ya yi zargin ƙari, sai ya rubuta masa gwajin MRI. Sau da yawa tafiyar kan kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa.

Na'urar ƙaton maganaɗisu ce. Mai ƙarfin tesla 1.5 ya ninka maganaɗisun duniya kusan sau 30,000, kuma ana sanyaya wayoyinsa da ruwan heliyom, digiri 269 ƙasa da sifili. Maganaɗisun ne ke jera ƙwayoyin haidirojin na ruwan jiki, sai a zungure su da igiyar rediyo, a saurari lokacin da za su ɗauka kafin su koma mazauninsu. A 1971 Raymond Damadian ya nuna, a naman ɓeraye, cewa na cikin ƙari sun fi jinkirin komawa.

To amma hasken da ke hoton MRI da aka saba ba awo ba ne. Kai ɗaya, na'ura biyu, haske biyu, kamar yadda mudun wata kasuwa ba lallai ya zo daidai da na Jega ba. Likitan da ke son sanin ko magani ya taɓa ƙarin bayan wata shida, in an sauya na'ura, aiki ya same shi.

Mafitar da masana ke bi ita ce a fitar da lokacin komawar nan a lamba, ɗigo bayan ɗigo. Su ma lambobin sai an tantance: hukumar awo ta Amurka, NIST, tana cikin waɗanda suka ƙera wani dunƙulallen mazubi cike da 'yan ƙwallaye masu ruwan da aka riga aka san lissafinsa. A cusa shi inda kan majinyaci ke shiga, na'urar da ta kauce ta tona kanta. A 2013 kuma masu bincike a Jami'ar Case Western Reserve suka fito da hanyar auna lambobi da dama a ɗauka ɗaya, wadda ke rage kwanciyar mai ciwon kai cikin ƙarar na'urar.